Yadda Za Ka Shiga Fim ɗin Ƙanƙara Ba Tare da An Gan Ka Ba

Kai da ke zaune a Landan a wannan shekara ta 1994, kana marmarin ganin fuskarka a silima, kakarka ta yanke saƙa. Turawa sun gano cewa a tarihi ma akwai baƙaƙen mutane, don haka yanzu kowane fim sai an barbaɗa masa guda ɗaya kamar yaji. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka shiga. Fitowa kuma wani zance ne daban. Misalinmu shi ne Sumani, mutumin Kumasi mai tura gadon marasa lafiya a wani asibiti, wanda ya bi shawarata rabi da rabi.

1. Ka tafi kai kaɗai

Wani kamfani ne ke shirya fim a kan matuƙan jirgin ruwa da guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a zamanin kakanni. Baƙin mutum ɗaya ake nema. In kun kai biyu, labarin ya fara zama naku, kuma ba don haka aka tara jama'a ba.

2. Kada ka tambayi sunanka

Kowane Bature a jirgin yana da suna, da matar da ke jiransa, wani har da kare. Kai kuku ne. Da Sumani ya tambayi garin da kukun ya fito, darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Africa." Ai ka ji cikakken adireshi.

3. Ka sanar da duniya

Sumani ya faɗa a masallacin Whitechapel, ya faɗa a bas. Mafi muni, ya faɗa wa 'yarsa Awawu, haifaffiyar Landan, wadda 'yan ajinsu suka daɗe suna tsokana wai ubanta mai tura gawa ne. Ta ce, "For real, Baba?" Tun daga ranar ba abin da yake so a duniya kamar yarinyar nan ta ga fuskarsa a babban allo.

4. Ka koyi sanyi wajen masu shi

Ƙanƙarar yankakkiyar takarda ce da fanka, a wani tsohon sito bayan Old Kent Road. Sumani, wanda ya sha jiran bas da asuba a watan Janairu, aka ce rawar sanyinsa ba ta yi kama da gaske ba. Aka ce ya kwaikwayi jarumin fim ɗin, wanda ake riƙe wa bargo a gefe.

5. Ka bar tarbiyyarka a gida

Nan Sumani ya kwafsa. Aikinsa ɗaya ne: ya saci burodin ƙarshe, ya cinye, ya riga kowa mutuwa. Aka kunna kyamara. Ya ɗauki burodi, ya kai baki, ya ga mutane kwance suna kallonsa, sai hannunsa ya miƙa musu da kansa.

"Bismillah," ya ce.

Darakta ya ce a sake. Ya sake miƙawa. Aka yi ta sakewa har burodin ya bushe. Da abokin aikinsa Muniru ya yi masa faɗa, cewa ya yi, "Na yi trying, wallahi. Amma mutum na kallonka, kai kana ci? Uwana bai koya min haka ba."

6. Ka girmama almakashi

Ranar nuna fim, Sumani ya sa rigar sallarsa, ya riƙo Awawu. Fuskarsa na jikin fosta, don duniya ta shaida kamfanin ba ya wariya. A cikin fim kuwa an yanke shi tas. Abin da ya rage baƙin hannu ne ya shigo daga gefen allo da burodi. Jarumi ya karɓa ya raba wa jama'a, kiɗa ya tashi, wata tsohuwa ta share hawaye saboda kirkin jarumi.

Kunya ta rufe Sumani, ya kasa kallon 'yarsa. Ita kuwa ta taɓa matar da ke gabansu ta ce, "That's my dad's hand," wato hannun babanta ne.

"Yaya kin gane?" ya tambaya a hankali.

Ta amsa da Hausar da ba ta cika yi ba: "Baba, kullum haka kake yi da plate ɗinka."

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba shi da alhakin duk abin da aka yanke maka, fuska ce, suna ne ko gari. In kuma ka ƙi jin magana ka tafi da halin gidanku, har ya fito a allo ba da izinin darakta ba, wannan tsakaninka ne da wadda ta haife ka.