Rasuwar Beryl, Wadda Aka Toshe wa Hanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Mervyn Tulloch (Merv) na ƙauyen Dinner Plain, can kan tsaunukan jihar Victoria inda hunturu ke kamawa a watan Yuni, yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar injinsa na kwashe dusar ƙanƙara, wadda kowa ya sani da suna Beryl. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin garejinsa, tana da shekara goma sha tara, bayan jinyar mako uku a hannun wanda bai kamata a bar masa ita ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Duk sanyin watan Yuli, ja biyu ake yi wa igiyarta, ta yi tari "kuf, kuf", sannan ta kama "tututututu" har ƙarshen layi. Ita ke buɗe ƙofar gidaje shida kafin a sha shayin safe. Ta taɓa haɗiye takalmin baƙo, ta tofar da shi a kan rufin mota, ta ci gaba da aikinta.

Ciwon ajalinta ya bayyana ne ranar dusar farko ta watan Yuni. Branko Pavlich, maƙwabcin Merv kuma amininsa na shekara talatin, ya are ta kamar yadda ya saba, ya dawo da ita yana turawa. Ya ce tana tashi lafiya lau, amma minti huɗu sai ta yi "tutu... tu... tu", ta yi shiru.

Merv ya yi shekara arba'in yana kanikanci kafin ya ajiye aiki, kuma ba ya bari a manta da hakan. Ranar Juma'a da yamma, a mashayar ƙauye, gaban kowa, ya ɗaga murya:

"Kai Branko, faɗi gaskiya, me ka ɗura mata? Ragowar man injin yankan ciyawarka na bara ne, ko ruwan wanke kwano? Mutumin da ko fulogi bai iya kuncewa ba, ni ne sakaran da na ba shi aro!"

Aka yi dariya. Branko ya ajiye kofinsa rabi, ya ce, "Sabon mai ne, Merv," ya ɗauki hularsa ya fita. Tun daga ranar bai sake zuwa ba. Da shebur yake share ƙofar gidansa, dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu mai ciwon baya, Merv kuwa yana hango shi ta taga yana kau da kai.

Sai aka shiga magani. Merv ya zubar da man ya zuba sabo, minti huɗu ta mutu. Ya canja fulogi, ya canja matatar mai, ya wanke kafireta sau uku har tana ƙyalli. Duk lokacin da ya buɗe murfin tankin don ya leƙa, sai marigayiyar ta ja dogon numfashi, "fisss", ta farfaɗo, ta sake yin minti huɗunta. Sau ashirin da wani abu ta faɗa masa damuwarta da wannan kalma guda. Shi kuwa sai ya kaɗa kai ya ce sharrin man Branko ne bai gama fita ba.

Ranar Talata ya ce tiyata za a yi. Ya kwance kan injin, ya duba bai ga komai ba, ya mayar cikin fushi, ya matse noti da ƙarfin da ya wuce hankali. Aka ji "ƙas", kan injin ya tsage. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Matarsa Glenys ce ta kawo masa shayi, ta ɗauki murfin tankin don ta sami wurin ajiye kofi.

"Merv, wannan dunƙulen gam ɗin da ke kan murfin fa?"

"Ni na sa tun Disamba. Kin san zanzaro, duk ramin da ya gani a garejin nan sai ya cika shi da laka. Na bi na toshe ko'ina, har wannan 'yar hudar da tanki ke shan is..."

Bai ƙarasa ba. Tankin da ba ya shan iska ba ya sakin mai, kuma shi da bakinsa ya koya wa mutane da yawa wannan. Glenys ta zare allura daga rigarta, ta huda gam ɗin, ta miƙa masa murfin.

"Ga shi, babban injiniya. Ya warke."

Marigayiyar ta bar murfi guda cikin ƙoshin lafiya, da fulogi biyu da aka cire su ba laifin komai, da kafireta mafi tsafta a duk jihar Victoria. Ta bar shebur wanda nauyin gida ya dawo kansa. Ta kuma bar Merv, wanda kwana uku ke nan bai iya bi ta gaban mashaya ba, kuma ya roƙi a rubuta a nan ƙarara cewa man Branko sabo ne, kuma shi Merv kunya kamar ta kashe shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauki gawar a bayan akori-kurar Merv zuwa wurin tara tsofaffin ƙarafa, daga nan a dawo gida a ci sosej da burodi. Ba a buƙatar furanni, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya yi "fisss" a kusa da mai makoki.

Gawar tana da nauyi, sai mutum biyu. Merv zai kama gefe ɗaya. Ɗaya gefen an bar shi ga Branko Pavlich, in ya ga dama. In bai zo ba, ba wanda zai ga laifinsa. Ko ya zo ko bai zo ba, kullum da safe har dusar ƙarshe ta narke, zai tarar da wani tsohon kanikanci da shebur a ƙofar gidansa, kansa a sunkuye.