Tokar Kilimanjaro

Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a teburin mai shayi da ke bakin kasuwar Bukur, bakin Mantau ya ja masa.

Mantau dillalin duwatsu masu daraja ne, amma ba a taɓa ganin ya sayar da ko tsakuwa ba. Jarinsa baki. Shekara da shekaru yana nuna wata tsohuwar kalanda da ke rataye a rumfar, mai hoton Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane tsayi a Afirka, yana cewa ya hau shi.

"Dutsen wuta ne fa! Farin nan da kuke gani a kansa, toka ce. A bakin ramin na gasa tsire, zufa sharkaf!"

Ran nan sai Alhaji Jatau, shugaban dillalai, ya ajiye kofi. "Madalla. Muna da tafiya Tanzaniya saro kaya. Kai ne jagoranmu, mu ma mu ga tokar nan."

 Mantau kuwa, iyakar tafiyarsa a duniya Kafanchan. Amma idan ya ja da baya, wa zai ƙara sauraronsa a teburin nan?

Suka isa garin Moshi, a gindin dutsen. Ruwan da ke gangarowa daga sama ya shayar da gonakin ayaba da kofi, ko'ina kore shar. Masu rakiya suka yi bayani ta bakin tafinta: wutar dutsen ta yi barci tun kafin kakannin kakanni, kowa ya ari rigar sanyi.

Kowa ya ara. Mantau ya dubi rigar, ya dubi idanun da ke kansa, ya ture ta.

"Bargo a gidan wuta? Alhaji, 'yan ƙasar nan ba su san dutsensu ba."

Ya tafi da 'yar shara, da mafici, da ɗanyen nama a leda.

Suka ratsa kurmi, Mantau yana fifita. Itatuwa suka ƙare, sai ciyayi, ya rage fifita. Ciyayi suka ƙare, sai duwatsu da iska. Haƙora suka fara kaf-kaf-kaf.

"Jagora, lafiya?"

"Ta-tazbihi nake, Alhaji."

"Allah ya karɓa. Yaya batun tsire?"

Aka zaro naman, ya faɗi a kan dutse, ƙwal! Sai ka ce guduma.

A zango na ƙarshe ƙafafun Mantau suka ƙi. Ya ce shi ya riga ya gani, su je su kashe ƙwarƙwatar idonsu. Suna ba da baya ya shige buhun barci, irin bargon nan da ake ɗinkewa kamar buhu, ya ɗora buhun dankali a kai.

Da suka sauko daga ƙololuwar, Alhaji Jatau ya durƙusa gabansa da kular abinci.

"Jagora, gaskiyarka. Ga tokar nan mun ɗebo, mun rufe kada ta huce. Ɗumama hannunka."

Mantau ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Ashe ƙaryar tasa gaskiya ce! Ya miƙe zaune, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Me na gaya muku?"

Ya cusa yatsu har wuyan hannu, tsulum, cikin ƙanƙara.

"Wayyo Inna!"

Dariyar da aka yi, har masu ɗaukar kaya suka zube. A gadon marasa lafiya mai taya ɗaya aka gangaro da shi, ƙiiƙi-ƙiiƙi, Alhaji yana biye yana yi masa fifita da maficinsa.

Yanzu Mantau ya dawo teburinsa. Yana cewa an sake dutsen ne, a zamaninsu da zafi yake. Waɗanda suka rage suna sauraro su ne: mai shayi, don rumfarsa ce; Baba Tanko, wanda ya kurumce tun zamanin haƙar kuza; wata akuya mai jiran ɓawon burodi; sai kalanda, ita ma an juya fuskarta bango.