Sadisu Tirela da Ƙwaryar Goggo Lanti

Duk Funtuwa, wanda bai taɓa ganin Sadisu Tirela ba, to ya ji bakinsa. Ɗan ɗaga ƙarfe ne a wani fili bayan tasha, inda ƙarafan ma gwangwanayen fenti ne aka ɗura wa siminti. Ƙirji kamar ƙofar shago, tafiya hammata a buɗe. In ya fara ba ka labarin ranar da ya ɗaga a-daidaita-sahu aka canza taya, sai ya ƙara da cewa fasinjojin ma ba su sauka ba.

Mai horar da su, Koci Tanimu, dokarsa ɗaya ce. Kafin ka taɓa ƙarfe sai ka riƙe sandar gora da hannu biyu, ka haurar da ita ta saman kai zuwa baya, ka dawo da ita, har kafaɗa ta saki.

"Ni da sanda?" in ji Sadisu. "Koci, kiwo za ka tura ni?"

"Kafaɗa ba ta san Tirela ba," in ji Koci.

Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Saura kwana uku gasar Katsina, wadda shi aka zaɓa ya wakilce su, gogan ya shigo ko ɗumama jiki bai yi ba, ya suri babban ƙarfe ya cilla sama. Ƙas! Kafaɗar dama ta amsa. Taurari ya gani da rana tsaka, amma ya dire ƙarfen yana yaƙe.

"Wannan ai auduga ce."

Ya san in Koci ya ji, an cire shi ke nan, a tura Ɗanjummai, siririn nan da yake kira Tsinke. Gara mutuwa! Sai ya koma gida ya duƙufa: gashi da ruwan zafi, man zafi gwangwani guda, sannan ya bulbula turare don kada warin man ya tona shi. Sa riga kuwa sai da ƙwalla. In an ce ya zo ya ɗaga, sai ya harɗe ƙafa ya ce ƙarfi yake tarawa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana gobe tafiya, da la'asar, duk suna zaune sun sha furar Goggo Lanti, tsohuwar da ke kawo musu kullum. Sadisu na cewa a gaya wa Katsinawa su ƙara wa dandamalinsu siminti, sai Goggo ta ɗora gammo, ta ranƙwafa.

"Tirela ɗan albarka, zo ka ɗora mini."

Sadisu ya nuna Ɗanjummai da baki.

"Goggo, ga Tsinke nan kusa da ke."

"A'a, kai nake so. An ce har mota kake ɗagawa."

Wa zai ƙi ɗora wa tsohuwa kaya a gaban jama'a? Ƙwaryar ma saura ɗan nono a gindinta. Ya kama. Ta zo gwiwa lafiya. Ta zo ƙirji, gumi ya tsatso. Daga nan hannu ya ce bai san zancen ba. Ya cije, ya yunƙura.

"Wayyo Allah, kafaɗata!"

Ƙwarya ta karkace, nono ya wanke masa fuska, tsaf har gemu. Fili ya kaure da dariya, Ɗanjummai har da birgima a ƙasa.

Goggo ta cafe ƙwaryarta da hannu ɗaya, ta aza a ka, cas, ko gammon bai motsa ba.

Koci ya ce, "Ɗanjummai, shirya jakarka. Kai kuma, asibiti tukuna. In ka warke, ga gorarka."

Goggo ta dubi sandar, ta dubi Sadisu yana lasar nono a gefen baki. Ta girgiza kai, ta zaro wani abu daga cikin ƙwarya ta miƙa.

"Haba Koci, kada ka kashe ɗan mutane. Fara masa da ludayi."