Marigayi Baba Manu Ya Yi Sallama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa mata cike da tsakar gida suka yi wa mai rai addu'ar matattu ba, shi kuwa yana tsaye a bakin zaure yana taunar goro.

A gidanmu na Wurno Malama Shiru ake ce min. Ba na iya haɗa ido da babba, idan baƙo ya yi min tambaya kuwa sai in sunkuyar da kai in bar wurin. Amma ido kam Allah ya ba ni. Ni ke fara gane wadda ta ɗaura zani a baibai, da kazar da ke shirin kwanci, da wanda ya yi kuka ya wanke fuska. Har na ɗauka mai ido irin nawa ba ya buƙatar baki. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Ina aji biyu a babbar sakandare aka sa bikin Yaya Saratu, 'yar wan babana da muka tashi ɗaki ɗaya. Minna za a kai ta. Abu ɗaya ta roƙa: a haɗa mata hotunan dangi a waya, a shirye, kowa da sunansa, don in Allah ya ba ta 'ya'ya a can su san inda suka fito. Hotunan kuwa a warwatse suke. Wasu na wayar babana, cakuɗe da na buhunan albasa da injin ban-ruwa. Tsofaffin na takarda suna cikin kwallar kakarmu, Inna Kulu, kuma ambaliya ta taɓa shiga ɗakinta ta ci rabinsu. Ita kaɗai ta san kowa a cikin waɗanda suka rage, ga shi idonta ya soma yana. Tunda ni ke zuwa darasin kwamfuta, aikin ya faɗo kaina.

Na yi aiki, ba yabon kai ba. Na shimfiɗa farin hijabina a inuwa, na ɗauki kowane hoton takarda da waya ba tare da ƙyalli ya ɓata shi ba. Na raba su folda-folda, na biki daban, na suna daban, na gona daban. Folda ta ƙarshe na sa mata suna Waɗanda Suka Riga Mu.

Inna ta ce, "Malama Shiru, taho zauna in hwaɗa miki ko wane na."

Na so in zauna. Amma saboda biki ɗakinta kullum cike yake da tsofaffi, kuma Inna ba ta ba da labari sai an tambaye ta da baki. Ni da yin tambaya a gaban tsofaffi? Sai na samo dabara. Zan miƙa mata hoto, in koma gefe in zuba wa fuskarta ido. In ta yi dariya ta yi tsaki, mutum yana raye. In ta ce "Allah sarki" ta goge ido da gefen mayafi, ya rasu. Sunaye kuma in tsinta daga hirarsu. Na ji daɗin wayona sosai.

Akwai wani hoto marar launi: saurayi siriri, gashi tuli a ka, wando mai faɗin ƙafa, ya dafa wata ƙatuwar tsamiya, gona shimfiɗe a bayansa. Inna ta kawo shi dab da hancinta, ta shafa shi da yatsa. Sai hawaye. Ba na gefen mayafi ba, na gaske, har bisa haɓa. Na ce a raina wannan ba ƙaramin mamaci ba ne. Na gyara hoton, na yanke wata inuwa da ta ɓata masa kusurwa, na zagaye shi da fararen furanni. Da yake ba wanda ya ambaci sunansa, na rubuta: "Wani bawan Allah daga danginmu. Allah ya jiƙansa."

Ranar wuni bayan la'asar aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, na haɗa waya. Mata suka cika tabarmi, amarya tana leƙe ta tagar ɗaki. Da yake muryata ba ta wuce hijabina, aka haɗa ni da Gwaggo Hajo, wadda in ta yi magana ana ji a bayan gida. Ni in raɗa mata abin da na rubuta, ita ta shelanta. Gwaggo Hajo matar Baba Manu ce, ƙanen marigayi kakanmu, da ke zaune a Goronyo yana kamun kifi da noman rani. Tsoho ne gajere mai sanƙo da farin gemu, ya zo bikin da kwandon busasshen kifi.

Aka yi ta dariya da shewa, kowa na nuna kansa. Wata ta ce, "Ashe Malama Shiru akwai aiki!" Kaina ya kumbura har ya fi ƙarfin ɗankwali.

Sai muka shiga foldar ƙarshe. Wuri ya yi tsit. Hoto ya fito, Gwaggo Hajo ta kira suna, mata su amsa da amin. Har muka iso kan mai tsamiya. Na raɗa mata, ta ɗaga hannuwa sama.

"Wani bawan Allah na daga cikinmu. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta, shi haskaka kabarinai!"

"Amin!"

"Dubi yaro kyakkyawa, ko aure bai yi ba ƙila. Duniya ke nan!"

"Salamu alaikum."

Baba Manu ne ya shigo sa wa amarya albarka. Ya tsaya yana kallon talabijin, goro a kumatu.

"Wa yar rasu?"

Gwaggo Hajo ta ce, "Kai dai ce amin, Malam."

Ya matso. A nan ne idon nawa da nake taƙama da shi ya tashi aiki, bayan aikin gama ya gama. Saman kunnen Baba Manu na hagu a tsage yake, ƙugiyar kifi ta taɓa fizge shi yana yaro. Na dubi talabijin. Na dubi tsoho. Na sake duban talabijin. Tsagar nan tana nan, ƙarƙashin tulin gashi. Na kai hannu in kashe waya, maimakon haka sai na jawo hoton kusa. Kunne ya cika talabijin tun daga sama har ƙasa.

Baba Manu ya cire hula ya juya wa mata kunnensa.

"Hajo, duk zamanmu da ke, ba ki gane kunnena ba?"

Wata ta saki salati. Sai gidan ya fashe da dariya, har masu tuwo suka baro murhu. Gwaggo Hajo ta dafe ƙirji.

"Yo ni na san ka da gashi? Da sanƙonka ni ganka!"

"Kuma ke kinka hi kowa ɗaga murya. Har da haskaka kabari!"

Ni dai na ja hijabi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage. Na ji ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?" Ban gani ba, amma na ji yatsu a kaina kamar ruwan sama.

"Amaryata! Ke kinka kashe ni? In gado kike so ki yi haƙuri, babu komi sai komar kamun kihi da kwalekwale mai yoyo."

Daga cikin hijabi na ce, "Inna ce ta yi kuka."

Inna Kulu, wadda ita ma ta ce amin don ba ta hango komai daga inda take, ta sa aka kawo mata na takardar. Ta duba, ta yi tsaki.

"Ni Manu nika yi ma kuka? Mi yas same shi, ga shi nan yana cin goron mutane? Tsamiya ta, ɗiyata. Gonarmu ta."

Dariyar ta lafa. Ta ce a gindin tsamiyar nan take kai wa kakanmu fura tana amarya, a nan babana ya fara rarrafe. Da aka gina madatsa a Goronyo ruwa ya taso, ya rufe gonar da tsamiyar duka. Baba Manu ya zauna bisa turmi ya karɓi zancen. Ya ce mai hoto ne ya biyo ranar kasuwa, wandon ma na wansa ne ya ara. Shi wan nasa, wato kakanmu, ya ƙi hoto, ya ce ba ya son a tsare shi a takarda, sai ya koma gefe riƙe da fartanya. Ya kai yatsa kusurwar takardar.

"Kun ga inuwag ga? Shi na. Iyakar hotonai na ƙuruciya ke nan."

Inuwar da na yanke don hoto ya yi kyau. Wannan kunyar ba wanda ya gan ta sai ni, kuma ta fi ta farko zafi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda tsohon nan ya yi maganar ba ɗaci. Ya ce har yanzu in ya bi ta wurin da kwalekwale yakan sassauta tuƙi, don ya san daidai inda take. "Ruwan da yac ci tsamiya shi ka ba mu kihi da albasa da rani. Ba a faɗa da shi. Amma a riƙa tunawa." Na leƙo daga hijabi ina kallonsa. Mutumin da na binne ɗazu, ga shi yana raya mana gona guda.

Washegari da hantsi na ɗauki waya na zauna tsakaninsa da Inna. Na buɗe baki na ce, "Wannan wane ne?" Ba wanda ya mutu don na yi tambaya. Na naɗi muryoyinsu a kan kowane hoto, da gardamarsu da tsakinsu. Muka ceto mata biyu daga foldar ƙarshe (ashe Inna kan yi wa wanda ya daɗe bai zo gaishe ta ba "Allah sarki"). Na mayar da inuwar kakanmu wurinta. Yaya Saratu ta tafi Minna da tsamiya da gona da muryar Inna a cikin jakarta.

Har yau in Baba Manu ya kira babana sai ya ce, "Ka ce ma amaryata marigayi na gaishe ta." Ni kuwa na koyi karatuna. Ido yana ganin hawaye, amma bai san wa ake yi wa kuka ba. Yanzu kafin in sa wa kowa fararen furanni sai na tambaya, in da hali ma in tambayi shi mamacin.