Kujerar Gaba a Motar Kifi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ɗauka an karrama ni da kujerar gaba ba. Shekara uku ke nan, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni malamin sakandare ne a Yelwa ta ƙasar Yauri, labarin ƙasa nake koyarwa. Shekara tara ina haya a cikin gari, rana ɗaya mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakunansa. Na yi yawon neman wani gidan har takalmina ya cinye, ban samu daidai da ƙarfina ba. Sai matata Hadiza ta tuna mini cewa kawunta yana da gida a wani gari a bakin tafki, ta ɓangaren Ngaski, babu kowa a ciki sai awakin maƙwabta da ke shan inuwa. Tafiyar kamar minti arba'in ce a mota. Ma'aikata da dama can suke kwana su wayi gari a Yelwa, na asibiti da na ƙaramar hukuma da masu shaguna. Na yi ta jan ƙafa (a ganina na lokacin, mai digiri ba ya komawa ƙauye sai ya yi ritaya), amma da wa'adin mai gida ya cika dole muka kwashe kaya.

Kwana biyu da tarewarmu, bayan la'asar, maƙwabcinmu Baba Magaji ya yi sallama da kwanon soyayyen kifi a hannu. Tsohon masinja ne a wani ofishi a Yelwa, ya fi shekara ashirin yana bin hanyar nan safe da yamma kafin ya ajiye aiki. Muka zauna a tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali, sannan ya gyara zama.

"Malam, tunda ka zama namu, bari in hwaɗa maka yadda muka yi nan. Kak ka sa kayan aiki ka shiga mota. Kowa na da kayan hanya. Akwai tela bakin tasha can Yelwa, Garba, kowane ma'aikaci na da ƙusa guda cikin shagonai. Nan za ka rataye na kirki, in ka sauka ka sauya."

Na ce to, Baba.

"Sannan motar hwarko, wadda ka tashi bayan asuba, ta masu kihi ta. In ta kama sai ka shige ta, ka matsa baya cikin mutane. Kak ka zamna gaba."

Ya buɗe baki zai kawo dalili, ni kuwa na tare shi da godiya, irin godiyar nan da ake jera wa mutum don ya yi shiru. Dattijo ne mai kunya, ya gane, ya haɗiye sauran maganarsa. Bayan ya tafi na ce wa Hadiza ai na gano kan zancen: mutanen ƙauye ne kawai, suna jin nauyin zama kusa da direba. Maganar tela kuwa ko saurarenta ban yi ba. Shagon nan a bakin tasha yake, inda rabin ɗalibaina ke wucewa da safe. Ni in sauko daga mota da koɗaɗɗiyar jallabiya da silifas, yara suna gaishe ni? Allah ya kiyaye.

Hadiza ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "To, Malam. Ni dai wanki ne nawa."

Wata biyu ina bin mota ta biyu, mai tashi ƙarfe bakwai, kuma babu abin da ya same ni in ban da ɗan gumi. Kullum ina cikin guga, hula a karye daidai, ina kallon abokan tafiya da tausayi. Akwai wani ma'aikacin jinya, Bitrus, mutum mai tsafta da kowa ke girmamawa a asibiti, amma a mota sai ka rantse daga gona yake. Nakan ce a raina, dubi yadda al'ada ke mayar da mai ilimi baya. (Ina gaya muku wannan ne don kada ku tausaya mini da yawa in mun kai gaba.)

Ana nan sai mataimakin shugaban makarantarmu ya yi ritaya. Shugaba ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce kujerar tsakanina ce da Malam Yakubu mai lissafi, kuma masu duba makarantu za su zo daga Birnin Kebbi, abin da suka gani zai yi nauyi. Ya ce ni zan yi jawabin maraba. Gaskiya ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ina shaƙar alli, ina hangen ofishin nan mai fanka da labule. Na rubuta jawabi shafi huɗu, na haddace shi har Hadiza ta fara ƙarasa mini jimloli daga madafa. Na fito da farar shaddata ta Sallah, aka kai ta bugu ta dawo tana ɗaukar ido.

Matsalar ɗaya ce: dole in kasance a makaranta ƙarfe bakwai don shirya zauren taro. Ke nan sai motar farko.

Da zan fita, Hadiza ta miƙo mini leda. "Ka ninke shaddar a nan, ka sa tsohuwar rigarka. Yau ɗaya dai."

Na ce shaddar da aka buga ba a cusa ta a leda. Na fesa turare na fita.

A tasha na tarar da tsohuwar bas, an jera daro-daro na ɗanyen kifi a samanta, an rufe da buhuna an ɗaure da igiya. A ciki mata masu kifi da 'yan ma'aikata sun cushe a baya, kujerar mutum huɗu ta ɗauki shida, gwiwa na gugar gwiwa. Kujerar gaba kuwa fayau, babu kowa. Wallahi sai da na ji daɗi a raina. Na ce ashe dai garin nan sun san darajar malami.

Direban ya dube ni daga hula har takalmi. "Malam, nan za ka zamna?"

"Ai na ga babu kowa."

"Babu kowa kam," in ji shi, ya tayar da mota.

Wata dattijuwa daga baya ta ɗaga murya: "Ɗana, taho nan mu matsa maka, akwai wuri."

Na waiwaya da murmushin manya na ce, "A'a Inna, kada in takura muku." Bitrus yana can a lungu, na ga ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Wata biyu yana ganin irin kallon da nake masa, ban ga laifinsa ba.

Gilashin ɓangarena ya maƙale a rabi, ba ya hawa ba ya sauka, amma ban damu ba don iskar safe na da daɗi. Tafiya ta yi tafiya. Rana na fitowa tana haska ruwa, masunta na turo jiragensu gaɓa, gonakin shinkafa shar a gefen hanya. Na miƙe ƙafa ina bitar jawabi a zuci, har ina gyaɗa kai a wuraren da nake sa ran tafi.

Akwai wata gangara kafin ƙaramar gada. Muna sauka sai ga shanu suna tsallakawa, direba ya taka birki. Duk ruwan da ke cikin daro-daron nan, da wanda ya taru a rufin mota tun daga tasha, ya gangaro gaba gaba ɗaya, ya bi gefen rufi, ya shigo ta tagata. Ya sauka a ƙeyata, ya bi wuyan riga, ya gangara gadon baya har ƙugu, da sanyinsa da yauƙinsa.

Can sai aka fara, ɗaya bayan ɗaya: "Sannu, Malam." "Sannu, ɗana." Direba ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kullum nan shika zuba, ko da shanu ko babu."

Na duba gaban riga, fari tas. Na ce to, da sauƙi. Kafin mu shiga Yelwa iska ta busar da bayan, hancina kuma ya saba, har na daina jin komai. Da muka sauka Bitrus ya matso ya ce a hankali, "Malam, mu leƙa wajen Garba, ina da riga biyu a rataye, ɗaya za ta yi maka." Na ɗaga kai na hango ɗalibaina mata uku suna jiran abin hawa daidai ƙofar shagon. Na ce masa na gode, ba komai. Na zaro kwalbar turare na ƙara feshe jikina, na hau babur ɗin kabu-kabu. (Wanda bai taɓa jin turare ya haɗu da ruwan kifi ba, ina masa fatan ya ƙare rayuwarsa a haka.)

Baƙi suka iso wajen ƙarfe goma. Babu wuta, fankoki a tsaye, zaure cike da ɗalibai da malamai, zafi ya fara. Shugabar tawagar wata Hajiya ce mai tabarau, mai magana a natse. Aka zaunar da ita a ƙarshen babban tebur, ni kuma na tsaya dab da ita, na fuskanci jama'a, na ba ta rabin bayana. Shafin farko ya tafi lafiya. Na lura da ƙudaje biyu-uku suna zagaya ni, na kore su da takarda cikin salo kamar ina jaddada magana. A shafi na biyu sun zama tawaga, su ma.

Sai na ji Hajiya ta yi gyaran murya. Ta juya wajen shugaba, cikin ladabi, amma zauren ya yi shiru sosai har na baya suka ji.

"Shugaba, mun gode da karamci. Mun san ba a zuwa Yauri a koma hannu sake. Amma da an kai kifin nan inuwa, kada ya lalace kafin mu tashi."

Shugaba ya rikice. Tsarabar da aka tanadar musu bandar kifi ce, busasshiya, tana kulle a ofishinsa. Ya sunkuya ya ɗaga mayafin tebur ya leƙa. Malamai mata biyu suka tashi suna duba bayan labule. Wani ya ce a duba ƙarƙashin kujerun baƙi. Ni kuwa ina tsaye da takarda a hannu, har ina taya su waige-waige, don Allah ya sani har lokacin ban kawo kaina a lissafi ba.

Malam Yakubu ne ya taso. Ya zo ta bayana kamar zai gyara kujera, ya raɗa mini: "Malam, shatin ruwa ne a bayanka tun daga wuya har ƙugu, ga ɓawon kifi a manne a hularka."

Shugaba na nan durƙushe yana leƙen ƙarƙashin tebur, dattijo mai furfura, saboda ni. Wannan ne na kasa jurewa. Na juya wajen Hajiya na ce, "Ranki ya daɗe, a bar nema. Ni ne."

Ɗalibai suka yi ta maza na ɗan lokaci, sannan wata yarinya a layin gaba ta fashe, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Allah sarki. Ci gaba da jawabinka, Malam, yana da kyau. Amma ko za ka ɗan matsa wajen taga?"

A bakin taga na karanta shafi biyun da suka rage. Ban tsallake ko layi ɗaya ba, kuma ban ji ko kalma ɗaya daga abin da nake faɗa ba.

Washegari shugaba ya kira ni. Na shiga ina jiran faɗa, sai ya ce, "Me ya hana ka tsayawa wajen Garba?" Ya ce shekara shida ya yi yana bin motar nan kafin ya gina gida a Yelwa, da jallabiyarsa da silifas ɗinsa, kuma ɗalibansa na lokacin sun sha ganinsa, ba wanda ya fasa gaishe shi. Da yamma Baba Magaji ya leƙo. Labari ya riga ni isa gari, na sani, amma abin da ya ce kawai shi ne, "An ce ka yi jawabi mai kyau, Malam." Na rasa inda zan sa fuskata.

Kujerar mataimakin dai Malam Yakubu aka ba. Ba zan ce kifi ne ya kayar da ni ba, don ya girme ni a aiki kuma ya cancanta. Amma na san duk lokacin da aka ambaci sunana a wancan ofishi na Birnin Kebbi, ba shafi huɗun nan ake tunawa ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Abin da na koya bai da yawa. Idan ka koma sabon gari ka ga mutum ashirin sun matse a wuri ɗaya sun bar maka wuri mai kyau, ba girmanka suka gani ba, akwai abin da suka sani. Yanzu duk lokacin da za a yi baƙi a makaranta, Malam Yakubu yakan kira ni ofishinsa mai fanka, ya ce ni zan je kasuwa in zaɓo tsarabar kifi, wai duk makarantar babu wanda baƙi suka shaida a harkar kamata. Nakan ce to, ranka ya daɗe, in tafi in sayo.