Sunan Da Na Kasa Faɗa A Ofishinka

Layin Leburori, Samaru, Zariya.
4 ga Satumba, 1957.

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in 'Yan Sanda, wanda aka ce neman yarona yana hannunsa, mai kujerar da ban taɓa gani ba, mai ƙofar da ban taɓa samu a buɗe ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, ina fatan 'ya'yanka duk sun kwana a gida, an duba su sun cika.

Ni ce Naomi matar Luka lebura. Karatuna na ajin yamma ne a coci, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, surukata Tabita ta zo daga Bomo da ɗanyar masara guda uku a ƙwarya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Ina mijina? Ku fito mini da shi, ya bar ni kwana biyu ina cin tuwo ni kaɗai." Haka take kiran jikanta. Ina riƙe da muciya a lokacin. Yaron nan tun ran Juma'a da hantsi ya kama hanyar gidanta, hanyar da ya saba bi ta cikin dawa, ga motarsa ta kara a hannu. Ina zaton yana wurinta, tana zaton yana wurina. Na dubi fuskarta na ga dariyar tana janyewa, a nan na gane. Yau kwana goma sha tara ke nan da fitarsa.

Ɗan fari ne, shekararsa biyar da rabi. Wataƙila a littattafanku babu wannan, bari in faɗa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cigiyarsa. Ran Asabar matan Bomo masu itace sun wuce ta ƙofar ɗakina. Tambayar ta zo har bakina, kunya ta mayar da ita. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka, ba sai ofishinka ya taya ni ɗauka ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, duk zuwan da na yi ofishinka na Sabon Gari amsa ɗaya ake ba ni, wai ana kan bincike. Amma gari bai bar ni cikin duhu ba. Daga bakin famfon Samaru har tashar mota ta Sabon Gari kowa ya san abin da kake yi, dalla-dalla, har da abin da ka ci kafin ka yi shi. Na ga bai kyautu mutum ya yi irin wannan aiki ya zama shi kaɗai ne bai ji labari ba. Ga shi na kawo maka.

Na ɗaya. Ina taya ka murnar karen da ka sa aka kawo daga Kaduna. Abarshi mai aski ya ce a jirgi ya zo, a ɗakin manya, naman gwangwani yake ci, kuma Turanci kawai yake ji. Matan famfo sun ce ya shinshina rigar yarona sau ɗaya ya zarce Hanwa da gudu, mutanenka suna binsa a keke. A mahauta kuwa an ce can ya zarce, wurinsu, ya ƙi tashi. Ranka ya daɗe, ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, rigar tana ƙarƙashin matashina, ban wanke ta ba, kuma har yau ba mutum ba kare ba wanda ya nemi ya gan ta. Idan karen yana jin ƙanshi daga Kaduna ne, to a gaishe shi.

Na biyu. An ce ka tsayar da jirgin Kano awa uku, aka sauke kowa, aka buɗe buhu-buhu. Amaechi mai gyaran keke ya rantse ƙanin matarsa yana cikin jirgin. Da na matsa masa, sai ya zama abokin ƙanin matar ne, kuma jirgin na bara ne, kuma akuya ake nema.

Na uku. An ce ka riga ka san inda yaron yake, kana ɓoyewa ne don akwai hannun wani babba. Masu wannan magana sukan rage murya idan na zo wucewa, amma ba sa ragewa sosai, don in ji. Wasu sun ce kansa aka nema don harsashin gini. Wata mai ƙosai, Allah ya ba ta lada, ta bi ni har bakin titi don ta gaya mini wane irin gini ne da yadda ake yi. Ta ce in yi haƙuri, ta ƙara mini ƙosai biyu. Shin ranka ya daɗe, idan ka sani ɗin, ba za ka taimaka ka gaya mini ba, ko da mai ƙosai ta riga ka?

Na huɗu shi ne wanda na gani da idona, shi ya sa ya fi sauran gajarta a aiki. Ranar da yaro ya kwana biyar mutanenka biyu suka zo a kan keke. Suka sha ruwa. Suka auna faɗin ƙofar ɗakina da igiyar awo, suka rubuta. Suka tambayi hotonsa, kamar mu ne masu shago a Sabon Gari. Da na ce babu, sai suka rubuta kamanninsa da kansu: baƙi, gajere. Da wannan bayani kana iya kama yaran Zazzau duka ka kawo mini in zaɓa. Na ce yana da wushirya, yana da tabon wuta a gwiwar hannun hagu, yana gudun agwagwa ko da 'yar ƙarama ce, idan an kira shi ba ya amsawa sai ya gama abin da yake yi. Suka ce layin da aka ware ya cika. Suka tafi da fartanyar mijina, wai shaida ce. Ina fata ta ba da haɗin kai, don ciyawa ta cinye gonarmu.

A ranar ne kuma na koyi cewa ƙasa tana da iyakoki. Ofishin Sabon Gari ya ce hanyar Bomo ba a ƙarƙashinsa take ba, na Samaru ya ce ai ba a wurinsa aka fara kai ƙara ba. Na yi tafiya tsakaninsu sau huɗu a ƙafa cikin ruwan Agusta. A yi wa yarona afuwa, ba a koya masa taswira ba. Da ya sani da ya ɓata a inda ya dace.

Yanzu na zo kan wanda ya fi yi mini ciwo, ban san ko na nawa ne a lissafin ba.

Ran Litinin da muka fara zuwa ofis ni da Luka, mun sami wani kofur saurayi a tebur, Oluwole, bai daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Ba mugu ba ne, har kujera ya ba ni. Ya tsoma alƙalami ya ce, "Sunan yaro?" Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Ga mutane cike a benci, ga wani dattijo sa'an ubana yana kallona. Ya juya wurin Luka, shi ma ɗan farinsa ne, bakinsa bai fi nawa sauƙi ba. Da ƙyar Luka ya ce, "Sunan annabin nan da kifi ya haɗiye." Kofur ya ajiye alƙalami ya ce shi aiki ya zo yi, ba kacici-kacici ba. Sa'an nan ya rubuta abin da ya gani: uwa ta ƙi faɗin suna, uba yana zagaye-zagaye, ba wanda ya yi kuka.

Littafin ofishinka, ranka ya daɗe, yana da ƙafa. Ban kai Samaru ba labarin ya riga ni. Kafin yamma an san na sayar da yarona. Washegari an san wanda ya saya, ɗan kasuwa ne mai jar mota, wasu sun ce baƙa. Matan da suka haifi 'ya'yan fari, waɗanda su ma har su mutu ba za su kira sunan ba, su ne suka ce, "Uwa ce za a tambaye ta sunan ɗanta ta yi shiru?" Sun san dalili kamar yadda suka san hanyar rijiya. Amma dalili ba ya da daɗin taunawa. Aka tsare Luka kwana biyu ana tambayarsa inda ya kai yaron, a kwanakin da ya kamata ƙafarsa ta kasance cikin dawa.

Kuka kuwa, ban san a gaban kofur ake yinsa ba. Nawa a bayan ɗaki nake yi, wajen turmi. Idan ana bukatarsa a rubuce, a aiko mai igiyar awo.

Wata maɗinkiya a Sabon Gari, Clara, wadda ta yi shekara ashirin a cikinmu, ita ta ji tausayina. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar'uwa, waɗannan ba su san kunya irin taku ba. Abin da ba ki faɗa ba, a wurinsu kin ɓoye ne. Zo mu koma." Muka koma, surukata tana biye da mu. A gabanta, a gaban benci, na buɗe baki na faɗi sunan da ban taɓa furtawa ba tun ran da aka raɗa shi. Ban san muryata za ta fita da ƙarfi haka ba. Tabita ta rufe fuska da mayafi, ba don na kunyata ta ba, daga baya ta gaya mini.

Kofur ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya gane yanzu, ya ba ni haƙuri. Amma abin da aka rubuta da tawada ba a kankare shi sai da sa hannun Babba. Babba kuwa kai ne, kuma an ce kana rangadi.

Na ɗauka aƙalla gari zai sassauta. Ina! Da asuba a bakin famfo an riga an yanke hukunci: matar Luka ba ta da kunya, ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a kamar mai tallan gyaɗa. Wadda ta iya wannan, in ji su, me ba za ta iya ba? Na yi shiru na zama mai laifi, na yi magana na zama marar tarbiyya. Ko akwai hanya ta uku a littafinku, in bi?

To tun da kunyar ta riga ta zube, ga shi da hannuna, kowa ya karanta. Sunansa Yunana. Yunana ɗan Luka. Ɗana ne, ina sonsa. Ni ce nakan ajiye masa ƙanzo in ce kakarsa ta aiko. Ni ce nakan tsaya a bayan zana ina kallonsa yana ɗaure tayoyin motarsa da zare, in ya waiwayo in yi kamar shara nake yi. Ban sani ba ko ya taɓa ganewa.

Na ƙarshe, kuma shi ne roƙona. A gefen hanyar Bomo akwai kududdufin da magina suka haƙa suna ɗibar ƙasa. Ruwan bana ya cika shi har baki, dawa ta rufe shi, gefensa santsi. Samarin Bomo sun tara gora da igiya za su shiga tun makon farko. Mutanenka suka iso, suka kafa sanda, suka ɗaura mata jan ƙyalle, suka ce kada kowa ya taɓa ruwan nan sai Babba ya zo, wanda ya shiga kuwa shi ne mai ɓatar da shaida. Bayan abin da aka yi wa Luka, wa zai shiga? Sandar tana nan a tsaye, tana aikinta da gaskiya. A cikin ma'aikatanka ita kaɗai ce ba ta bar wurin ba.

Gari ya riga ya yi bayani a kan wannan ma. An ce kana jiran wani Bature mai shiga ruwa da tulun iska a baya, zai taso daga Ikko. An ce a'a, aljana ce a ciki, kana neman wanda zai yi mata magana. Ni ba Bature nake nema ba, ba kare ba, ba jirgi ba. Samarin suna nan, gorarsu tana jingine a gidan Tabita. Kalma ɗaya ce daga bakinka, ko rabin layi da tawadar nan mai daraja. Idan ba ya ciki, in samu ƙarfin ci gaba da duban hanya. Idan yana ciki, a ba ni shi in rufe shi da zanena, in san inda zan riƙa zuwa.

Allah ya ƙara maka girma a kan girma, ya sa rangadinka ya ƙare lafiya, ya kiyaye littafinka daga gara da ruwan sama. Idan na yi rashin ladabi a yafe mini, kwanan nan na fara koyonsa.

Har yau ba wanda ya shiga kududdufin.

Taka mai biyayya, mai jira a kan benci,

Naomi Luka,
uwar Yunana.