Rasuwar Baba Mai Ciki a Hanyar Bakura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama komawa mazauninta ba, ni Malam Falalu Bawa, malamin tarihi a Talata Mafara, nake sanar da ɗalibaina na da da na yanzu rasuwar abokin aikina, jirgin saman kara da aka fi sani da Baba Mai Ciki. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a hanyar Bakura, a hannuna.

An haife shi a bayan ajinmu. Jikinsa karan dawa ne daga Ruwan Gizo, fukafukansa kwali, farfelarsa murfin gwangwanin madara. Mun ƙera shi a siffar jiragen yaƙin duniya na biyu da ke tashi daga kan manyan jiragen ruwa a tekun Pasifik, masu ɗauke da dogon bam a ƙarƙashin ciki, wanda idan aka sake shi yake bi ta cikin ruwa har ya fasa jirgin abokan gaba. Nasa bam ɗin guntun bututun famfo ne da muka shafa wa baƙin fenti.

Marigayin mai haƙuri ne. Yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Bakolori ba, shi ya nuna musu teku. Nakan ɗaga shi in bi tsakanin bencuna a hankali, dab da kawunansu, farfela na ƙir-ƙir-ƙir, ina faɗa musu cewa irin wannan jirgi ba ya kauce-kauce. Dole ya sauko ƙasa-ƙasa, ya miƙe sak ana harbinsa, har ya saki kayansa. Shi ya sa yake buƙatar ƙananan jirage masu sauri su kare shi. A yaƙin Midway, waɗanda suka isa ba rakiya, kaɗan ne suka dawo.

Ajalinsa ya zo ta gayyatar baje kolin makarantu a Bakura. Auwalu mai kabu-kabu ya ce jirgi ɗaya kaɗai zan iya rungumewa a bayansa, sai muka bar ƙaninsa Ɗan Rakiya, ƙaramin jirgin kara mai kare shi, a kan kabad.

Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, da raɗe-raɗin cewa ɓarayin daji na leƙen garuruwa da ƙananan jirage marasa matuƙi. Masu tsaron hanya suka tsayar da mu. Wani matashi ya yaye zanin da na lulluɓe marigayin da shi, ya ja da baya, ya ɗaga bindiga.

"Malam, mine ne wanga?"

"Kara ne, ɗana. Na koyarwa ne."

"Kara da bam? Wa za ka kai ma shi?"

A daidai nan iska ta taso. Marigayin, wanda bai san komai ba sai aikinsa, ya ce ƙir-ƙir-ƙir. Mai sayar da rake ya bar baronsa ya ruga. Aka durƙusar da Auwalu, hannuwa a ka, yana ta salati. Daga bayana na ji wani ya ce, "Infoma ne," wato mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Duk ɗan Zamfara ya san abin da kan biyo bayan wannan kalma.

Babbansu, wani dattijo, ya matso ya ce, "Malam, in kara ne, buɗe muna cikinai mu gani."

Cikin ba shi da ƙofa. Aka miƙo mini wuƙa. Na tsaga shi a hankali daga hanci zuwa wutsiya, don kada wani ya ce na yi motsin da bai gane ba. Abin da aka samu a ciki shi ne zare da ƙusoshi da tsohon gidan zanzaro. Dattijon ya cire bututun, ya kara shi a ido, ya hango sararin sama ta ɗaya gefen.

"Ku tashi ku tai," in ji shi. "Allah Shi ba ka haƙuri, Malam."

Marigayin ya bar ƙaninsa Ɗan Rakiya, da taswirar Pasifik wadda ɓera ya ci gefen Japan, da ɗalibai masu yawa a Mafara, Dakko da Maradun. Ya kuma bar ni da Auwalu, kowa ya kwana gidansa.

Za a binne shi ranar Litinin bayan tashi daga makaranta, a gindin dogonyaron bayan aji. Mufida, shugabar aji, za ta riƙe Ɗan Rakiya a gaba, domin wannan tafiyar ba za a yi ta ba rakiya ba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya daga nesa kada su ɗauko komai mai fukafuki. Wanda ya yi niyyar gudunmawa, ya ajiye mana kara mai kauri bayan girbi. Magajinsa za mu yi masa ƙofa a ciki, domin duk mai son dubawa ya duba ba sai da wuƙa ba.